Idan Injin Kwale-kwale Ya Rage Ƙarfi

Masu gyara sun haɗu a kan magana ɗaya: a fara da mai. Duba ko ƙofar iskar murfin tanki a buɗe take, domin in ta toshe injin zai tashi, ya ɗan yi tafiya, sannan ya mutu. Matsa robar tiyon mai har ta yi tauri. In ta ƙi, wataƙila iska na shiga ta wani wuri.

Fetur da ya kwana watanni yakan toshe ƙananan ramukan kafireta, wato inda fetur ke gaurayuwa da iska, sai an kwance an wanke. Injin da ake gauraya masa baƙin mai, yawanci mililita 100 na baƙin mai ake zuba wa lita 5 na fetur. In ya yi yawa, fulogi zai yi baƙi ya jiƙe.

Injin na ƙara amma jirgi ba ya gudu? Duba farfela, wataƙila ciyawa ce ta naɗe ta.