Neman shawara: na rasa ƙafa a bakin aiki, an ba ni zuwa Alhamis in sa hannu

Baban Halima, Jidda:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure min.

Shekarata bakwai ina aikin lodi a wani babban sito a Sana'iyyar Jidda, da igamata da kwantiragi, albashi riyal 2,000. Wata biyar da suka wuce kaya suka zame daga motar ɗaga kaya suka danne min ƙafar dama. Likitoci sun yi bakin ƙoƙarinsu, daga baya dai aka yanke ta ƙasa da gwiwa. Alhamdu lillahi ala kulli halin. Ciwon ya kame, ina dogara sanda, likita ya ce zan iya aikin zaune.

Jiya mudir, wato manajanmu, ya kira ni ofis, ya sa aka kawo min shayi, ya jajanta, sannan ya turo min takardu biyu. Wai in sa hannu a ba ni riyal 15,000 da tikitin Kano, a buga min fita ta ƙarshe. Larabcina na kasuwa ne, ba na karanta na ofis, sai na ɗauki hotonsu na ce zan yi tunani. Ya ba ni zuwa Alhamis.

Kafin in zo ƙasar nan na yi aiki a masaƙa a Sharaɗa. Can idan inji ya ci hannun mutum, wakilin ƙungiyar ƙwadago ne yake shigewa gaba, shi zai zauna da manaja, kai naka jinya. A nan na tambayi abokan aikina, 'yan Bangaladash da 'yan Yaman, kowa ya ce bai san zancen ba. Shin akwai irin wannan wakili a Saudiyya? In babu, wa zai tsaya min? 'Ya'yana biyar, biyu suna sakandare, ban shirya komawa gida in zauna a ƙofar gida ba.

Umman Sadik, Makka:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya sa kaffara ne, ya ba ka lafiya. Ni dai Yaya in da za ka ji tawa, karɓi abin da aka ba ka ka koma cikin iyalinka. Da hanau gara mannau. Baƙo ba ya ja da kafili ya ci riba.

Abu Nawaf, Rawabi:
Ya turo min hoton takardun na karanta. Ɗan uwa, kar ka sa hannu. Ta farko istiƙala ce, wato kai ne ka ce ka ajiye aiki don raɗin kanka. Ta biyu muhalasa ce, shaidar cewa ka karɓi duk haƙƙinka, ba ka bin kamfani ko halala. Babu inda aka ambaci hatsarin a cikinsu, ko da kalma ɗaya.

Duba lissafi. Kuɗin sallama a dokar ƙwadago rabin albashi ne a kowace shekara ta biyar ɗin farko, cikakken albashi a shekarun da suka biyo baya. Naka ya kama 5,000 da 4,000, riyal 9,000 ke nan. Wanda ya ajiye aiki da kansa tsakanin shekara biyar da goma, biyu bisa uku ake ba shi, 6,000. Ka ga a cikin 15,000 ɗin nan akwai kuɗinka da dama can naka ne. Ragowar ita aka yi wa ƙafar taka kuɗi.

Amsar tambayarka kuma: babu ƙungiyar ƙwadago a Saudiyya irin wadda ka sani a Kano. Doka ba ta ba da damar kafa ta ba.

Ɗan Gwagwarmaya:
To ai sai ku kafa taku! Ku nawa ne 'yan lodi a siton? Ku haɗa kai gobe kowa ya zauna, a ga wanda zai ɗauki kwali. Wallahi kafin azahar mudir zai zo yana lallashi.

Direban Tirela, Yanbu:
Ɗan Gwagwarmaya, kana Saudiyya kuwa ko daga Kaduna kake rubutu? Yajin aiki haramun ne a nan. Kana so a kwashe bayin Allah a kai su tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora ƙasarsu, saboda taimako? Shi mai ciwon ma ya shiga uku. A bar wannan maganar don Allah.

Baban Halima, abin da za ka fara dubawa Ta'minat ne, hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnati. Duk ma'aikacin kamfani, ɗan ƙasa ko baƙo, kamfani yana biya masa kashi 2 cikin 100 na albashi don hatsarin aiki, ba daga aljihunka ake cira ba. Ƙa'ida ita ce kamfani ya kai rahoton hatsari cikin kwana uku da sanin faruwarsa. Shiga manhajarsu da lambar igamarka ka gani, an rubuta shi a matsayin raunin aiki, ko a inshorar lafiya ta kullum aka yi maka magani? Wannan shi ne kan zance. In ba a rubuta ba, ka je ofishinsu da takardun asibiti.

Baban Halima:
Na duba yanzu da taimakon yaron maƙwabcina. An rubuta, har kuɗin jinya da nake gani duk wata ashe daga can yake. Amma ba a kira ni gaban wasu likitoci ba tukuna.

Direban Tirela:
Madalla, ka tsallake babban rami. Saura kwamitin likitocinsu ya zauna ya yanke kashi nawa ne nakasar. Ɗan ƙasa in tasa ta kai kashi 50 wata-wata ake biyansa, mu baƙi a dunƙule ake ba mu: iyakarsa riyal 330,000 ga wanda ya nakasa gaba ɗaya, 165,000 ga wanda nakasarsa ba ta cika ba. Wannan rufi ne, da albashinka za a yi lissafi, kar ka sa rai da kai wa can. Ƙafar roba ma tana cikin abin da suke ɗauka. In hukuncin bai yi maka ba akwai ɗaukaka ƙara, sai dai wa'adinta gajere ne. To ka faɗa min, duk wannan daga Kano za ka bi shi?

Baba Mai Wurno, Riyad:
Ɗana, sannu. Allah ya ba ka ladan haƙuri. Ni tsoho ne, jikana ke rubuta min, a yi haƙuri in na ja zance.

A Sudan aka haife ni, a Mai Wurno, bakin kogin Nilu. Yaƙin 2023 ne ya kawo ni wajen ɗana. Na yi shekara goma sha huɗu ina wakilin nagaba, wato ƙungiyar ƙwadago, a wata masana'antar gurzar auduga a Jazira. Mu can harkar nagaba gado ce. Ma'aikatan jirgin ƙasa na Atbara su suka buɗe ƙofa da yajin aikin 1947, tun Turawa suna nan, a 1950 aka kafa tarayyar ƙungiyoyi ta ƙasa baki ɗaya. Gwamnatoci sun sha rusa ta tana dawowa.

Amma bari in faɗa maka gaskiyar aikin, don mutane suna zaton wakili sai ihu da yaji. A shekarun nan goma sha huɗu, waɗanda inji ya raunata da na tsaya wa sun fi ƙarfin yatsun hannuna, ban taɓa kiran yaji a kan ko ɗaya ba. Abin da nake yi, na farko ba na barin mai rauni ya shiga ofis shi kaɗai. Mutumin da ya rasa gaɓa kunya ce ke cinsa, gani yake ya zama kaya, da an ba shi shayi an yi masa magana mai daɗi sai ya sa hannu yana godiya. Ni ina zaune a gefe da littafina, duk abin da mudir ya faɗa in rubuta da kwanan wata, in ce maimaita min. Wallahi ganin alƙalami kawai yana canza harshen mutum.

Sannan ban taɓa shiga in ce a taimaka masa ba. Wanda ya ce a taimaka, sadaka ya roƙa, ana iya ce masa Allah ya ba da haƙuri. Kafin ranar sai na zaga masana'antar da ƙafata na nemo aikin da mutumin zai iya. Akwai wani Banufe da bel ya cinye wa yatsu huɗu, suka ce ya gama amfani. Na ce ga sikeli can, mai awon buhuna zai yi ritaya bayan wata biyu, wannan ya iya lissafi, a sa masa kujera da teburi. Mudir ya rasa ta cewa, don na kawo masa maganin matsalarsa ne. Mutumin nan a kan sikelin ya aurar da 'ya'yansa.

Kai ka fi kowa sanin siton nan. Zauna ka rubuta ayyuka uku da ake yi a zaune ko da ɗan motsi kaɗan, da abin da kake buƙata a kowanne: kujera, wurin da ba matakala, banɗaki kusa. Ka tafi da su a rubuce da Larabci, da mutum biyu, ɗaya mai karatu, ɗaya wanda ya ga hatsarin da idonsa. Ba ku da nagaba, na ji. Amma nagaba ai mutane ne.

Abu Nawaf:
Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da ka faɗa yana da madogara a doka ma. Sashe na 29 na dokar ƙwadago ya ce idan raunin aiki ya rage wa ma'aikaci ƙarfi amma bai hana shi yin wani aikin ba, wajibi ne mai aikin da abin ya faru a wajensa ya sa shi a aikin da ya dace, kuma wannan ba ya taɓa diyyarsa. Sai dai ka sani, albashin sabon aikin za a ba ka, yana iya gaza 2,000.

Malama a Madina:
Ba akwai dokar da ta ce duk kamfani mai ma'aikata 25 ya ɗauki masu buƙata ta musamman kashi 4 cikin 100 ba? Ya kafa hujja da ita mana.

Abu Nawaf:
Akwai, sashe na 28. Amma abin da ke sa kamfanoni rububin ɗaukarsu shi ne a lissafin Niɗaƙat, tsarin da ke wajabta wa kamfanoni ɗaukar 'yan ƙasa aiki, ana ƙirga ɗan ƙasa mai nakasa ɗaya a matsayin mutum huɗu. Baƙo ba ya ƙara musu komai a nan. Ya riƙe 29, ita ce tasa.

Hausawi, Dammam:
Ni ɗan ƙasa ne, kakana ya zo da ƙafa daga Katsina ya zauna a Makka, a gafarce ni in Hausar ta karkace. Ina cikin lajna ummaliyya, wato kwamitin ma'aikata, ta kamfaninmu. Ita ce abin da ya fi kusa da abin da kake tambaya. Tun 2001 aka ba da izininta ga kamfanin da 'yan ƙasa suka haura 100 a cikinsa, kuma 'yan ƙasa kaɗai ke zama membobi. Ba za mu iya tilasta wa kamfani ba, shawara muke bayarwa, amma tana shiga rubutaccen bayanin zama, kuma lafiyar ma'aikata da kariya daga hatsari suna cikin aikinmu. Na taɓa shigar da maganar wani Ba'indiye da ya samu matsalar baya, aka mayar da shi wajen manna lamba a kwalaye. Tambayi 'yan ƙasar da ke sitonku ko kuna da ita.

Gyara ɗaya ga shawarar Baba: kar ka rubuta gadi ko teburin karɓar baƙi, an keɓe su ga 'yan ƙasa, za ka ba mudir hanyar cewa a'a cikin sauƙi. Nemi irin naɗe kaya, manna lamba, ƙirga da na'urar hannu.

Kuma in faɗa maka abin da ba a faɗa ba. Kwantiragin baƙo mai wa'adi ne. Suna iya yin shiru har ya ƙare su ce ba za su sabunta ba. Duba Qiwa, manhajar ma'aikatar ƙwadago, ka ga saura wata nawa, ka fara neman inda za ka yi canjin kafala tun yanzu.

Direban Tirela:
Ka kuma kula da zancen rashin zuwa aiki. Fiye da kwana 15 a jere ba uzuri, bayan an yi gargaɗi a rubuce, ya isa a sallami mutum ba ko sisi. Duk takardar hutun da likita ya ba ka, miƙa musu ka riƙe kwafi. In sun matsa, kira 19911, layin ma'aikatar ƙwadago ne, ka shigar da ƙara ta sulhu. Kwanan aiki 21 ake bayarwa, in ba a daidaita ba a tura kotun ma'aikata. Shekara ɗaya gare ka daga ranar da aiki ya ƙare, bayan nan ba a saurare.

Umman Sadik:
To ni ban san duk wannan ba. Na janye tawa, Yaya. Amma dai a bi a hankali, a yi magana da ladabi, mutanen nan ba sa son a ɗaga musu murya.

Baban Halima:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba, na yi yadda ka ce, na rubuta uku: manna lamba, ƙirgar kayan da aka dawo da su, da naɗe ƙananan kwalaye. Duka a ƙasa suke, ba hawa. Na tambaya, ba mu da lajna, 'yan ƙasar ba su kai ba. Kwantiragina saura wata takwas. Ɗan Yaman ɗin da ya janye kayan daga kaina ya ce zai shiga tare da ni, ko da yake na ga tsoro a fuskarsa, ban matsa masa ba.

Abu Nawaf, in turo maka ka mayar min da su Larabci? Kuma Alhamis ƙarfe goma na safe ne, ko za ka samu zuwa?

Abu Nawaf:
Turo. Ina da aiki da safe amma zan nemi izini. Ka zo da rahoton likita na asali da kwafi biyu, takardun nan biyu kuma ka bar su yadda suke. Faɗa min unguwarku in biyo in ɗauke ka, kar ka hau tasi da sanda.

Baba Mai Wurno:
Ka sayi littafi da biro, ɗana Abu Nawaf. Kar ka rubuta a waya, mudir ba zai ga abin da kake yi ba.