Barin nama da nono gaba ɗaya: shin yana rage ƙiba har ta ƙi dawowa ga mai shekara 48?

Maman Ummi, Zariya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san wannan al'amari, ko ta hanyar karatu ko ta hanyar gwadawa a jikinsu.

Ni malamar makaranta ce, shekaruna 48, haihuwata biyar. A awon da aka yi mini watan jiya nauyina kilo 91 ne, alhali lokacin da na yaye autana bai wuce 72 ba. Gwiwoyina suna damuna har wani lokaci sai a zaune nake yin nafila, kuma likita ya ce jinina ya fara hawa, sukarin ma yana bakin iyaka. Sau biyu ina ƙoƙarin rage jiki. Na farko da shayin rage teɓa da ake tallatawa, wanda ban samu komai a cikinsa ba sai lalacewar ciki. Na biyu na daina cin abincin dare har wata huɗu, na sauke kilo 7, amma shekara ba ta zagayo ba sai da suka dawo har da ƙari.

'Yata da ke karatu a Ingila ta zo hutu, ta ba ni labarin tsarin da suke kira bigan a can, wato mutum ya bar nama da kifi da ƙwai da nono da man shanu, ya riƙa cin tsirrai zalla. Ta ce mata da yawa masu shekaruna sun rage ƙiba da shi. Abin da nake son sani shi ne ko ƙibar tana tafiya ke nan, domin na gaji da saukewa da ɗauka. Sannan gidana tukunya ɗaya ake ɗorawa, ga maigida ga yara, ban san yadda zan ware kaina ba. Akwai kuma abin da ke min nauyi a zuciya, wato ranar Layya, da tsoron kada in zama mai ƙin abin da Allah ya halatta.

Baban Sadiq, Kano

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba ki lafiya. Aikina shi ne ba masu ciwon sukari da hawan jini shawara kan abinci, don haka zan fara da abin da bincike ya nuna kafin in zo kan tukwanenmu.

Gaskiya ne masu cin tsirrai zalla sun fi sauran mutane ƙarancin ƙiba. Jami'ar Loma Linda ta Amurka ta daɗe tana bibiyar lafiyar mabiya cocin Adbantis, waɗanda da yawansu ba sa cin nama, kuma a sakamakon da aka fitar a 2009 kan mutum sama da 60,000, ma'aunin nauyi da tsayi da ake kira BMI ya tsaya a 23.6 ga masu cin tsirrai zalla, ga masu cin nama kuwa 28.8. Sai dai waɗannan mutane ne da al'ummarsu ke taya su riƙe tsarin. Da aka tattara gwaje-gwaje 12 a 2016, inda mutane gama-gari suka sauya abinci, ratar da ke tsakanin masu cin tsirrai zalla da sauran kusan kilo 2.5 ce kawai, kuma tana raguwa idan aka kai shekara. Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da suka fi ba da sakamako shi ne na garin Gisborne a ƙasar Niyu Zilan, wanda aka buga a 2017, inda mutane suka sauke kimanin kilo 12 cikin wata shida kuma suka riƙe mafi yawansa har shekara. Amma ki lura da sharaɗin: ba nama kaɗai suka bari ba, sun bar mai da gyararren abinci, suna haɗuwa sau biyu a mako ana koya musu girki, kuma kowa yana shan ƙwayar bitamin B12.

A nan ne nake jin tsoron a ruɗe ki. Man gyaɗa, manja, sukari, farar shinkafa, taliya, burodi, fanke, ƙosai da lemon kwalba, babu ko ɗaya a cikinsu da ya fito daga dabba. Babban cokali ɗaya na mai yana ɗauke da kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) kusan 120, kenan farantin garau-garau da aka zuba wa cokali uku ya kwashi 360 daga mai kaɗai, tun kafin a lissafa shinkafar. Yawancin matan da nake gani masu nauyi irin naki ba nama ne ya ƙibantar da su ba, domin yanka biyu ne ko uku a miya. Malmalar tuwo ta biyu ce, da man da ake tsiyayawa daga galan ba awo, da shayi mai sukari cokali huɗu.

Game da shekaru, kada ki ɗauka jikinki ya daina ƙona abinci. Wani babban bincike na 2021 a kan mutum sama da 6,400 daga ƙasashe 29 ya nuna cewa ƙarfin ƙonawar ba ya wani sauyawa tsakanin shekara 20 da 60. Abin da ke sauyawa shi ne tsoka tana raguwa, motsi yana raguwa, kuma idan al'ada ta zo ɗaukewa kitse yakan koma ciki. Dawowar kilo 7 ɗin nan ma ba rashin juriyarki ba ne. An nuna a birnin Melbourne a 2011 cewa bayan mutum ya rage nauyi, sinadaran da ke tayar da yunwa suna zama a sama har shekara guda. Amfanin wake da ganye a nan yake, suna cika ciki su daɗe ba tare da kalori mai yawa ba.

Abu biyu ne ba na wasa da su. Bitamin B12 babu shi a gero ko wake ko zogale. Abin da jiki ke bukata kaɗan ne, maikirogiram 2.4 a rana, kuma hanta tana ajiye na wasu shekaru, shi ya sa ɓarnar take zuwa a ɓoye: ƙarancin jini, mantuwa, jin kamar ana tsira allura a tafin ƙafa. Idan an ɗora ki a kan maganin sukari na Metformin, shi ma yana rage shi. Na biyu ƙashi. Binciken Jami'ar Oxford na 2020 ya gano cewa karayar ƙugu ta ninka fiye da sau biyu ga masu cin tsirrai zalla idan aka kwatanta da masu cin nama, ke kuma kina shiga shekarun da ƙashin mace ke saurin yin rauni. Miyar kuka da zogale da riɗi suna taimakawa, amma sai an ci su kullum.

Kada ki sa ranki a kan komawa kilo 72. Sauke kashi 7 cikin 100 na nauyi tare da tafiyar minti 150 a mako ya rage kamuwa da ciwon sukari da kashi 58 cikin 100 a gwajin da aka buga a Amurka a 2002. A wajenki kilo 6 ne da 'yan kai.

Hajiya Inna, Maraɗi

Ƙanwata, na girme ki da shekara takwas kuma na bi wannan hanyar, don haka bari in faɗa miki yadda ta kasance a cikin gida.

Na bar duk abin da ya fito daga dabba har wata 14, na sauka daga kilo 88 zuwa 76. Ban taɓa ɗora tukunya biyu ba. Ana haɗa miya da daddawa da albasa da kayan ƙamshi, in ɗebi tawa, sannan a zuba naman da aka dafa daban da sauran mai a ta iyali. Daddawa ce ta riƙe ni, domin miyar da ta ji ta ba ta sa mutum kewar romo. Na mayar da ƙosai alala, awara kuma na daina soya ta, sai in yanka a cikin miyar alayyafo ko ta yakuwa. Kafin in taɓa tuwo sai na fara cin kwano guda na kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli kaɗan, daga nan malmala ɗaya ta ishe ni. Ɗanwake ina ci, amma da cokali ɗaya na mai, kuma ni nake aunawa da hannuna. Ƙasashenmu biyu, Najeriya da Nijar, su ne kan gaba a duniya wajen noman wake, ga gurjiya ga waken suya, don haka cefanena ma raguwa ya yi.

Abin da ya fi wuya ba yunwa ba ce, bakin mutane ne. A wajenmu mace in ta rame sai a ce ciwo ne ko kuwa miji ba ya kula da ita, har surukata sai da ta kira ɗanta ta tambaye shi ko lafiya muke. A gidan biki da suna kuwa, ƙin cin abin da aka ajiye miki kamar raini ne. Ki fara samun goyon bayan maigida tun kafin ki soma, domin shi ne zai riƙa amsa waɗannan tambayoyin.

Kuskurena shi ne ban sha B12 ba, kuma ina shan shayi a kan abinci, ban san yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe ba. A wata na 14 kasala ta kwantar da ni, aka auna aka ce jinina ya yi ƙasa. Bayan na warke sai na dawo da kindirmo marar sukari da kifi sau biyu a mako, sauran tsarin kuma ban taɓa shi ba. Yau shekara huɗu ke nan ina tsakanin 78 da 79, kuma ina sujada ba tare da na dafa bango ba wajen tashi.

Abu Hanan, Birmingham

Ina girmama abin da Hajiya Inna ta faɗa, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni duk lokacin da na ce zan ci kaɗan, kaɗan ɗin yakan zama tsire kowane dare. Yankewa gaba ɗaya ta fi min sauƙi, domin babu ciniki da zuciya, kuma shekara shida ke nan tumbina bai dawo ba. Sai dai dole in yi adalci: a nan madarar waken suya da ake sayarwa an ƙara mata B12 da sinadarin ƙarfafa ƙashi, wadda ake tacewa a gida a Zariya kuwa babu su. Abin da 'yarki ta gani a Ingila yana da wannan tallafin a bayansa, Anti.

Malam na Tudun Wada

Malama, game da abin da ke miki nauyi, hankalinki ya kwanta. Abin da aya ta 87 a Suratul Ma'ida ta hana shi ne haramta abubuwa masu daɗi da Allah ya halatta, wato mutum ya ƙudurta cewa cin su laifi ne ko barin su ibada ne. Wanda ya bar abinci don lafiyarsa bai shiga ciki ba. Ya tabbata a hadisi cewa an kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, naman wata dabbar sahara mai kama da damo bai ci ba, Khalid bin Walid ya tambaye shi ko haram ne, ya ce a'a, ba a saba da shi ba ne a ƙasar mutanensa, Khalid kuma ya ci a gabansa. Cin naman Layya mustahabbi ne a wajen mafi yawan malamai, kuma loma ɗaya ta wadatar.

Maman Ummi, Zariya

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Jiya na auna man da muke zubawa a miyar rana, na tarar ya kai ludayi biyu, abin da ban taɓa lura da shi ba cikin shekara 26 da nake girki. Na yi magana da maigida ya amince, har ya ce zai riƙa raka ni tafiya bayan sallar Asuba. Zan fara da tsarin Hajiya Inna na yanzu har wata uku, sannan in ga ko zan iya barin kifin da nonon, kuma ranar Litinin zan koma asibiti a auna mini jini kafin in soma. Baban Sadiq, ƙwayar B12 ɗin, tun yanzu zan fara sha ko sai ranar da na bar kindirmon?