Abin da masu aikin faiba suka jaddada wa sababbin shiga

A wata tattaunawa da masu aikin suka yi kan sadarwa ta zaren gilashi, wato faiba, maganar da kowa ya fi nanatawa ita ce ta ido. Hasken leza mai tsawon zango nanomita 1550, wanda ake aika bayanai da shi nesa, ido ba ya ganinsa, amma yana iya yi masa illa. Kada ka leƙa bakin zare don ganin ko yana aiki, sa ma'aunin ƙarfin haske.

Sai tsabta, kuma nan ne na ga an fi dagewa. Cibiyar zaren da hasken ke bi faɗinta kusan maikiron 9 ne (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), ƙwayar ƙura ɗaya tana iya tare shi. Duba bakin mahaɗi da madubin dubawa, goge, sake dubawa, sannan ka haɗa. Kada a lanƙwasa zare da tsanani, hasken zai zurare. Guntayen gilashin da aka yanke a tattara su a rufe, suna shiga fata.

Ga masu son bincike, an ce su fahimci asarar haske tukuna. A 1966 masanin kimiyya Charles Kao ya nuna cewa ƙazantar gilashi ce matsalar, a 1970 kamfanin gilashi na Corning ya sauko da asarar ƙasa da desibel 20 a kilomita (desibel shi ne ma'aunin asarar), yau kusan 0.2 ce. Fagen da aka fi kwaɗaitar da matasa a kansa shi ne zare mai rami a tsakiya, inda haske ke bin iska, ya fi sauri kan na cikin gilashi.