Dan Allah a ba ni shawara kan mai hoton biki, kaina ya kulle

Yayar Amarya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Bikin ƙanwata ne ya matso, an sa rana saura sati 2 a fara azumi, kuma Umma ta ɗora min maganar hoto gaba ɗaya wai ni ce kullum a Instagram to in nuna amfaninsa. A Kano muke. Kamu ranar Alhamis, ɗaurin aure Juma'a in an sauko daga masallaci, dina da daddare, Asabar yini da kai amarya. Na yi magana da masu hoto 3, ɗaya kuɗinsa ya kusa ninka na sauran, amma wallahi in ka duba shafukansu duk hotunan sun yi kyau na rasa mene ne bambancin, kowa amaryarsa kamar ka sace ka gudu. Ga kuma angon ya ce shi fa bai yarda namiji ya shiga cikin mata wajen kamu ba. To ta ina zan fara? Me ake tambayarsu kafin a ba da kuɗi, kuma duka ake biya ko rabi? Waɗanda suka taɓa yi dan Allah ku taimaka min kar in sha kunya wajen Umma.

Maman 'Yan Biyu:
Wa alaikumus salam, Allah ya sanya alheri ya kai mu lokacin. 'Yar uwa tambaya ta farko da za ki yi wa mai hoton ita ce, kai ne da kanka za ka zo ko yaronka za ka turo? Ki sa ya amsa miki a rubuce. Ni abin da ya same ni kenan, nawa bikin ma a Sha'aban aka yi irin naku, kin san lokacin kowa rububin aurar da 'ya'yansa yake kafin azumi, ashe mutumin biki 3 ya karɓa a rana ɗaya. Wanda muka ga aikinsa muka yaba muka biya, ko ƙeyarsa ban gani ba sai wajen dina, shi ma bai yi awa ɗaya ba ya ɓace. Wani yaro ya turo mana wanda bai san kowa ba a gidanmu, ya yi ta ɗaukar ƙawayena masu anko saboda su ne suka sha kwalliya suke ta juyi a gabansa, kakata kuwa da aka ɗauko tun daga ƙauye tana zaune a kan darduma a ɗakin Mama ko hoto ɗaya ba a yi mana tare ba. Bayan bikin da wata 7 Allah ya yi mata rasuwa. Har yau in na buɗe albam ɗin nan sai raina ya sosu, shafi guda cike da wata ƙawar ƙawata da ban ma san sunanta ba.

Don haka ki zauna da Umma ku rubuta sunayen waɗanda dole a ɗauka, kakanni, gwaggonni, iyayen ango, uwar ɗakin amarya, sannan ki haɗa mai hoton da wata 'yar gida mai baki wadda ta san kowa, ita za ta dinga jawo mutane tana cewa ga wance a ɗauke ta da amarya. Ke kar ki ce za ki yi da kanki, ranar ko wayarki ba za ki san inda take ba. Albam kuma sai da na yi wata 4 ina sintiri, yau ya ce injin wanki ya lalace gobe ya ce ya yi tafiya, ni da na riga na biya duka ba ni da abin riƙe shi.

Mai Kamara Zariya:
Salam Hajiya. Ni sana'ata ce, bari in faɗa miki abin da wasu abokan aikina ba za su so ba. Shafin Instagram ba ya nuna miki komai, kowa cikin hoto ɗari biyar zai zaɓi guda 5 da suka fi kyau ya sa, wasu ma ba aikinsu ba ne. Ki ce ya turo miki biki guda cikakke daga farko har ƙarshe, musamman na dare a cikin hol, nan ake gane gwani. Hoton rana a waje ko da waya aka ɗauka zai yi kyau. Amma hol ɗin da masu ado suka cika shi da fitila shuɗiya da ja, ga hayaƙin nan da suke saki lokacin shigowar ango da amarya, in mutum bai iya sarrafa filasha ba sai ki ga fuskar amarya ta koma kalar zoɓo.

Ki tambaye shi kamara nawa zai zo da su, kuma tana da gurbin memori 2 ne? Yawancin manyan kamarorin Canon da Nikon da Sony na aiki suna ajiye hoto a kati biyu lokaci ɗaya, in ɗaya ya mutu ɗayan na nan. Wanda ya zo da kamara ɗaya da batir ɗaya in ta ba shi matsala a tsakiyar kamu shi kenan sai haƙuri. Batun kuɗi, kafin alƙalami ake bayarwa don a riƙe miki ranar, rabi ko sama da haka kaɗan, cikon sai ya kawo aiki. Ku rubuta komai ko a WhatsApp ne, kwana nawa, ƙarfe nawa zai zo, hoto nawa zai gyara, albam shafi nawa, firem nawa, bidiyo yana ciki ko daban ne, da ranar da zai kawo. Kuma kar ki yarda ya turo miki hotuna haka kawai ta WhatsApp don matse su yake yi, in kin zo wanke babba sai ya fashe, ya turo a matsayin dokumen ko ya sa a Google Drive ko ya ba ki a filash na USB, ke ma ki kwafa wuri biyu.

Amma ku ma masu biki kuna da naku laifin gaskiya. A ce kamu ƙarfe 4, amarya ba za ta fito daga wajen mai kwalliya ba sai 6 saura, rana ta faɗi, ana kiran magariba kowa ya watse, sannan a ce mai hoto bai yi aiki ba. Ga 'yan uwa da waya a hannu suna shiga gabanka daidai lokacin da ake fesa wa amarya turare. Kuma a dinga tunawa da mu da ruwa da abinci dan Allah, mutum ya wuni a tsaye.

Anti Mai Lalle:
Maganar angon nan ba matsala ba ce ai, yanzu akwai mata masu ɗaukar hoto a Kano da Kaduna kuma sun iya, sai dai ki nema da wuri don ba su kai maza yawa ba ga shi lokacin cunkoso ne. Ki ɗau mace ta yi kamu da yini da kai amarya, namiji ya yi ɗaurin aure da dina. Amma ki tambaye ta wa yake mata editin, don wata ita ce za ta ɗauka amma namiji ne zai zauna a kwamfuta yana kallon hotunan ɗaya bayan ɗaya, kin ga an gudu ba a tsira ba.

Ni inda nake da ƙorafi editin ɗin nan ne. Yarinya baƙa kyakkyawa mai sheƙi a mayar da ita fara fat, a goge fuska har hanci ya ɓace, dangin miji su ga hoto su ce wace ce wannan. Ki gaya musu a bar mata kalarta. Sannan lalle, na sha ɓata awa 5 ina zana wa amarya hannu da ƙafa a ƙarshe babu hoto ɗaya da ya fito da shi sosai, ki ce a ɗauka tun ranar farko kafin baƙin ya fara dishewa. Abu na ƙarshe kuma shi ya fi haɗa faɗa, ku yi magana a kan sawa a shafinsu. Da yawa ɗauka suke hoton nasu ne, kafin amarya ta ga hotonta duniya ta gani ana ta sharhi a ƙasa, na san gidan da ango ya kusa ɗaga hankalin kowa a kan haka tun ba a kai amarya ba. In ba kwa so ku faɗa tun kafin ku ba da ko sisi.

Angon Bara:
Ku mata duk hankalinku na kan dina, ɗaurin aure fa minti nawa ne? Waliyyi da wakili su yi siga, a ambaci sadaki, liman ya yi addu'a a shafa, an gama. Nawa mai hoton yana can yana neman wajen ajiye mota saboda cunkoson Juma'a, ya iso ana rabon goro da alawa, sai hoton gaisawa kawai muka samu. Ki ce ya yi sallar a masallacin ya nemi izini tun kafin a fara, wani limamin ba ya son a yi ta haska filasha a ciki. Kuma ku kula da masu bin biki da kamara ba a gayyace su ba, su ɗauka su je su wanke su baza a bakin ƙofa suna sayarwa, wanda ba a saya ba Allah kaɗai ya san inda yake ƙarewa. A sa wani a ƙofa ya san naku mai hoton.

Yayar Amarya:
Kai na gode sosai Allah ya saka da alheri, Maman 'Yan Biyu Allah ya jiƙan kaka ya yi mata rahama, wallahi kin sa na tuna tamu ma tana nan da ranta kuma ba ta son hoto sai an lallaɓa. Na tura wa duka ukun saƙo na ce su turo biki cikakke, ɗaya ya turo nan take, ɗaya ya ce sai gobe, mai tsadar nan kuwa ya karanta ya yi shiru har yanzu. Malam mai kamara, wanda ya turo ɗin ya ce sati 3 zai kawo hotunan waya, albam sati 6, hakan ya yi ko ya yi yawa?

Mai Kamara Zariya:
Ya yi Hajiya, in dai zai cika. Sai dai ki lissafa, sati 6 ɗin nan zai faɗa ƙarshen azumi lokacin da kowa ke shirin hoton sallah, wajen wanki ma cika yake yi. Ki ce ya ba ki guda 20 gyararru cikin kwana 3 don amarya ta samu na sawa a waya, albam kuma ku tsayar da rana ɗaya takamaimai kafin goman ƙarshe, cikon kuɗinsa yana hannunki har ranar.