Ƙaramar lambar nan ta sama: me za mu kira ta?

Mai tambaya: Malamai, barkanku da warhaka. A 3², ita 3 mun amince a kira ta tushe. To 2 ɗin da ke samanta fa? Na ji ana cewa "fawa", wasu kuma "ƙarfi". Ina son kalmar da za ta raba wa ɗalibi -3² da (-3)².

Malamin sakandare, Zariya: Ƙarfi ba laifi, amma ba ya nuna wa ke da shi. A -3², uku kaɗai ake ninkawa: 3 sau 3 tara, sannan alamar ɗebewa ta hau, a samu -9. A (-3)² kuwa baka ta haɗe alamar da lambar, -3 sau -3, amsa 9. Ni na fi son "goyo". Uku ce ke goye da biyu, alamar da ke gabanta ba ruwanta sai in baka ta shigo da ita.

Malama, Maraɗi: Malam, goyo ya faɗi mazauni, bai faɗi aiki ba. Me zai hana "ninkin kai"?

Malamin sakandare: Hajiya, nan ne matsalar. Ki ce wa yaro "ninka uku da kanta sau biyu", wani zai kawo 6, wani 27, don ya ɗauka ninkawar ce sau biyu. Abin da 2 ke ƙirgawa shi ne uku nawa za a jera. Ga kuma 2⁻³, wato 1/8. Ina ninkin kai a nan?

Mai aikin kwamfuta, Kano: Ku ƙara da wannan: na'urori ma ba su jitu ba. Rubuta =-3^2 (^ ita ce alamar goyo) a manhajar lissafi ta Excel, 9 zai ba ka, don yana fara manna alamar ga lambar. A Python kuwa, wani yaren shirya manhaja, -3**2 (** ita ce alamar goyo a can) ya ba da -9, yadda ƙa'idar aljabra take. Magani shi ne baka: -(3^2) ko (-3)^2, gwargwadon nufinka.

Malama: To na sauko, a bar goyo. Amma a lura, goyo mara yana ɓoye kuskuren: -2³ da (-2)³ duk -8 ne, sai yaro ya zaci ba bambanci. A fara koyarwa da goyo cika, 2 ko 4. Inda ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne b² - 4ac, wani sashe na dabarar warware lissafin kwadiratik a aljabra. In b ta zama -5, sai su rubuta -5², su samu -25, alhali 25 ce. Duk lambar da ke ƙasa da sifili, a sa ta a baka kafin ta maye gurbin harafi.

Mai tambaya: Ke nan a baki za mu ce "uku mai goyon biyu, ɗebewa a gaba" ga -3², da "ɗebe uku cikin baka, mai goyon biyu" ga (-3)². Na gode, malamai.