Tambaya kan ayarin keken shanu zuwa Oregon

Ɗan Kawo:
Salam jama'a. Ƙanwata ce ke karatun tarihi a jami'ar jihar Kaduna (KASU), jiya take ba ni labarin mutanen Amurka da suka yi ƙaura a keken shanu daga Misuri zuwa Oregon, wai tafiyar wata biyar har shida. Abin da ya ɗaure min kai, me ya sa shanu, ba su da dawakai ne? kuma me suke nema da mutum zai kwashi mata da yara ya faɗa daji haka?

Malamin Tudun Wada:
Wslm ɗan'uwa. Gona suke nema. A 1843 ayarin mutum kusan 1000 ya tashi daga wajen garin Independence a Misuri, a 1850 kuma aka yi doka ana ba namijin da ya riga ya isa Oregon eka 320 kyauta, mai aure 640, masu zuwa daga baya rabin haka, to ka ga kuwa talaka dole ya motsa. Shanu sun fi araha kuma ciyawar bakin hanya ta ishe su, doki sai ka ɗauko masa hatsi. Shi ya sa ba sa tashi sai Afrilu ko Mayu in ciyawa ta fito. Hanyar ta kai kilomita kusan 3,500, kuma yawanci da ƙafa suke takawa, keken na fulawa ne da kayan aiki da marasa lafiya.

Hajiyar Unguwar Rimi:
Malam ka tuna min kakata Allah ya jiƙanta, tana yawan ba mu labarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro, madugu a gaba, jakuna a baya, zango zango har a isa. Amma fatakenmu in sun saro goro gida suke dawowa. Waɗannan sun tafi ne su zauna, alhali ƙasar da masu ita tun kaka da kakanni, dabbobin baƙi suka cinye musu ciyawa, aka kawo musu cututtuka, daga baya aka raba su da filayensu, wlh wannan ɓangaren yana taɓa min zuciya.

Malamin Tudun Wada:
Gsky ne Hajiya. Su ma matafiyan cuta ce ta fi kashe su, musamman kwalara a bakin kogin Platte, mutum lafiya lau da safe kafin dare an binne shi a gefen hanya, ayari ya wuce. Sai da layin dogo ya haɗa gabas da yamma a 1869 tafiyar ta fara raguwa.

Ɗan Kawo:
Innalillahi. Uwa ta binne ɗanta ta ci gaba da tafiya, ko kabarin ba za ta sake gani ba. Na gode Malam, na gode Hajiya, bari in tura wa ƙanwata.