Wanda ya tayar da OS a SIMH kawai, ya yi aikin ko da saura?

Tsohon Injiniya: Ni fa maganata ɗaya ce, duk wanda ya ce ya ɗora OS, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, a kan tsohuwar kwamfutar nan PDP-11 amma a SIMH, manhajar da ke kwaikwayon tsofaffin kwamfutoci, kawai ya gwada, bai ga ya tashi a kan ƙarfen gaske ba, to rabin aiki ya yi.

Auta: Haba Baba, rabi fa? Ai wahalar PDP-11 tana nan daram ko a manhajar kwaikwayo. Inji ne mai bit 16, shiri ɗaya 64KB kawai yake iya gani a lokaci guda, ko samfurin PDP-11/70 da ke ɗaukar memori har kusan 4MB iyakar gatan da ta yi maka shi ne ta raba 64KB na umarni daban 64KB na bayanai daban. SIMH bai ƙara maka ko bayit ɗaya. Ku duba 2.11BSD mana, wani OS na dangin Unix, sai da aka yayyanka kanel, wato zuciyar OS ɗin, ana shigo da wani yanki ana fitar da wani kafin ya shiga, wanda ya ci wannan yaƙin kuma a ce bai yi komai ba?

Tsohon Injiniya: Ban ce bai yi komai ba yaro, na ce da saura. Matsalar tana wajen direbobi, wato sassan manhajar da ke sarrafa na'urori irin su diski. Diskin RK05 na gaske sai kan da ke karanta faifan ya motsa, faifai ya juyo, sannan ya aiko da sigina cewa ya gama, kuma siginar tana iya faɗowa daidai lokacin da kanel ke tsakiyar taɓa layin buƙatu. A kwaikwayo jinkirin a tsare yake, kusan kullum iri ɗaya, sai direbanka mai kuskure ya yi ta aiki lafiya lau kana murna, ranar da ka kai shi kan injin gaske ya sandare ko ya ɓata maka fayil.

Hajiya: Gaskiya nan Baba ya fi ka hujja, Auta. Kwaikwayo abin da marubucinsa ya fahimta game da injin yake bi, ba duk halin ƙarfen ba.

Auta: To Anti ai ana iya canza jinkirin a SIMH a gwada da sauri da kuma a hankali.

Hajiya: Ana iya, amma mutum nawa ke yi? Sai dai ni ma ban yarda da rabi ba. A 1977 da Richard Miller ya kai Unix daga PDP-11 zuwa kan kwamfutar Interdata 7/32 a jami'ar Wollongong ta Ostareliya, babban aikin shi ne sa kwamfailar C, wato manhajar da ke fassara yaren shirin kwamfuta na C, ta fitar da umarnin sabon inji da kuma tsince duk inda rubutun shirin Unix ɗin ya ɗauka cewa duniya PDP-11 ce. Irin wannan aikin yau duk ana iya gama shi a kwaikwayo.

Mai Gardama: Ni tambayata ma ina injin yake? Waɗanda suka rage tsofaffi ne, kafasito sun bushe, diski ya ƙi juyawa, in ƙarfe ne sharaɗi to mutane ƙalilan ne kawai za su taɓa yin wannan aikin kenan.

Tsohon Injiniya: Ba sai ka mallaka ba. Ka tura kwafin diskin ga mai injin ya gwada maka, masu ajiye su ba sa ƙi.

Auta: In ya tashi a 11/70 ya ƙi a wani samfurin kamar 11/40 fa Baba, an gama ko ba a gama ba?

Tsohon Injiniya: Sai ka rubuta 11/70 ƙarara, kar ka rubuta PDP-11 gaba ɗaya.